Tauri da Ƙarko: Awon Taurin Ma'adinai da Yadda Masu Tauri Suke Cinyewa

1.0 Gabatarwa

Kalmar tauri tana da faɗi a bakin Bahaushe. Akan ce nama ya yi tauri, ko ƙasa ta yi tauri, akan kuma ce wane yana da taurin kai, ko taurin bashi, ko taurin rai. Har wa yau akwai 'yan tauri, waɗanda aka yi imani cewa ƙarfe ba ya kama jikinsu. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ce mafi kusa da abin da masana ma'adinai suke nufi da tauri, watau yadda abu yake ƙin yarda wani abu ya karce shi ko ya shiga jikinsa.

Sai dai a maganar yau da kullum akan ɗauka cewa duk abin da ya yi tauri yana da ƙarko, ba ya fashewa, ba ya kuma cinyewa. Wannan zato yana jawo hasara. An sha farfasa duwatsu masu daraja da guduma wai don a gwada su, an kuma sha sayen dutsen banza da tsada don kawai ya yanka gilashi. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana yadda ake auna taurin ma'adinai, da abin da awon yake nunawa, da inda ya tsaya, sa'an nan a bi hanyoyin da abubuwa masu tsananin tauri suke bi su cinye, har da wanda ya fi kowanne tauri a cikinsu.

2.0 Asalin Awon

Gwada dutse da dutse tsohon al'amari ne. Theophrastus, masanin ƙasar Girka, ya yi magana a kan duwatsun da suke karce 'yan'uwansu tun wajen shekara 300 kafin Miladiyya. Pliny Babba, mutumin Rum, ya sake tayar da zancen wajen shekara ta 77 Miladiyya. Masana jauhari na duniyar Musulmi, irin su Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, sun san cewa yaƙutu yana cin sauran duwatsu, shi kuwa ba mai cin sa sai almas, watau daimon.

A ƙasar Hausa ma ƙyastu shaida ne a kan wannan sani. Idan aka ƙyasta ƙarfe a kan dutsen ƙanƙara, dutsen ne yake kankare ƙananan ɓarɓashi daga jikin ƙarfen, zafin gugar ya sa su kama, su tashi tartsatsi. Da ƙarfen ne ya fi tauri, da ba a sami wuta ba.

Wanda ya tsara wannan sani ya mai da shi ma'auni shi ne Friedrich Mohs, Bajamushe, wanda ya rayu daga 1773 zuwa 1839. A 1812, sa'ad da yake aikin tsara tarin ma'adinai a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya zaɓi ma'adinai goma ya jera su, ta yadda kowanne zai karce na ƙasa da shi, na sama da shi kuma ya karce shi.

3.0 Ma'aunin Mohs

Ga jerin, daga mafi taushi zuwa mafi tauri:

1. Talki, wanda ake yin hodar shafawa da shi.
2. Jifsam, wanda ake haƙowa a yankin Sakkwato, ana sa shi cikin siminti.
3. Kalsait, shi ne jigon dutsen da ake ƙonawa a yi siminti, irin na Kalambaina.
4. Fulorait.
5. Afatait, dangin ma'adinin da ya gina ƙashi da haƙori.
6. Feldisfa.
7. Kwaz, wanda shi ne mafi yawan yashi, dutsen ƙanƙara ma danginsa ne.
8. Tofaz.
9. Korandam, wanda jansa da shuɗinsa su ne yaƙutu.
10. Daimon.

Ba kowa ne yake yawo da waɗannan duwatsu goma ba, saboda haka akan yi amfani da abubuwan da ke kusa. Farcen mutum yana wajen 2.5, tagulla tana wajen 3, bakin wuƙa da gilashin taga suna wajen 5.5, magagarin maƙeri kuwa yana wajen 6.5. Da waɗannan kawai za a iya sanya ma'adinai da yawa a matsayinsu. Kanwa da gishirin dutse da kwalli duk ba su wuce 2.5 ba. Zinariya da azurfa suna tsakanin 2.5 da 3. Kuza kuwa, a yadda ake wanko ta daga yashin rafukan Jos, tana tsakanin 6 da 7.

3.1 Yadda Ake Gwajin

Akan nemi wuri mai santsi a jikin dutsen da ake son aunawa, wanda rana da ruwa ba su lalata ba, a ɗora tsinin abin da aka san taurinsa, a danna, a ja sau ɗaya. Daga nan sai a shafe wurin da yatsa. Wannan shafewa ita ce muhimmin mataki, domin sau da yawa abin da ake gani kamar karce garin mai taushin ne ya zuba a kan mai taurin, kamar yadda alli yake barin zane a kan allo. Idan zanen ya goge, ba a karce ba. Idan ya tsaya har farce yana jin raminsa, to an karce. Sa'an nan a juya gwajin, a ja dutsen a kan abin awon, don a tabbatar. In duka biyun sun ɗan ci juna, taurinsu ya yi kusa.

Alal misali, akwai wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ƙyalli, wanda ake kira farait, da yakan ruɗi masu neman zinariya. Taurinsa ya haura 6, saboda haka wuƙa ba ta kama shi, in kuwa aka buge shi sai ya marmashe. Zinariya ta gaskiya wuƙa tana yankar ta, bugu kuma lotsa ta yake yi. Gwajin minti ɗaya ya raba su.

Amma akwai sharaɗi. Gwajin karce ɓarna ne, domin yana barin tabo. Ba a yin sa a kan dutsen da aka riga aka gyara aka goge, sai a kan ɗanye, a gefen da ba ya nunawa.

4.0 Inda Ma'aunin Ya Tsaya

Lambobin Mohs lambobin sahu ne, irin na ɗaya da na biyu a aji. Suna faɗin wa ke gaba da wa, ba sa faɗin tazarar da ke tsakani. Domin sanin tazarar aka ƙirƙiro wasu hanyoyi, inda ake danna wani tsini a jikin abu da nauyi sananne, a auna girman ramin da ya bari. Johan Brinell na ƙasar Suwidin ya fito da tasa a 1900, yana amfani da ƙwallon ƙarfe. Awon Vickers ya biyo baya a Ingila a 1921, na Knoop kuma a Amurka a 1939, dukkansu biyu da tsinin daimon. A awon Knoop, kwaz yana wajen 800, tofaz wajen 1,300, korandam wajen 2,000, daimon kuwa 7,000 ko fiye. Ke nan matakin da ke tsakanin 9 da 10 ya fi dukkan matakan da ke ƙasa da shi faɗi, ko da an haɗa su wuri ɗaya.

Daga nan za a ga raunin gwajin nan da ya shahara a kasuwa, na cewa daimon ne kaɗai yake yanka gilashi. Tun da gilashi yana 5.5, duk abin da ya kai 6 ko 7 zai karce shi. Tsakuwar kwaz da aka tsinta a bakin rafi za ta yi wannan aiki, haka tofaz, haka kuma duwatsun da ake ƙerawa a masana'anta don su yi kama da daimon, waɗanda wasunsu suna haura 9.

Bugu da ƙari, dutse ɗaya yana iya zama da tauri biyu. Ma'adinin da ake kira kayanait wuƙa tana karce shi idan aka bi tsawonsa, amma ba ta kama shi idan aka gitta. Dalili shi ne ƙwayoyin zarra da suka gina ma'adini a jere suke bisa tsari, riƙonsu kuma ya fi ƙarfi ta wata fuska a kan wata. Daimon ma haka yake, kuma wannan ne ya sa ake iya goge shi. Masu gyaransa sukan shafa garin daimon da mai a kan faifan ƙarfe mai juyawa. A cikin ƙwayoyin garin, da suka fuskanci ko'ina, ba a rasa waɗanda suka juyo da fuskarsu mai tauri, su ne suke cin fuska mai rangwame ta dutsen da ake gyarawa.

5.0 Hanyoyin Cinyewa

5.1 Guga

Hausawa suna cewa yau da gobe ta sa allura ginin rijiya. A 1953 wani masani ɗan Ingila, J. F. Archard, ya sa wannan magana cikin lissafi. Ya nuna cewa yawan abin da guga take cinyewa yana ƙaruwa da nauyin da aka danna da kuma nisan da aka ja, yana raguwa gwargwadon taurin abin. Tauri yana rage cinyewa, amma in dai nisan ya yi yawa, sai ta bayyana.

Allurar garmaho misali ce mai kyau. Tsininta na daimon ne, faifan kuwa roba ce da farce yake karcewa. Duk da haka, bayan ɗaruruwan sa'o'i na aiki allurar takan dakushe, domin tsagin da ke fuska ɗaya ta babban faifai ya kusa rabin kilomita, nauyin duka kuma yana kan wuri ƙanƙane da ido ba ya gani. Kafin a sauya ta, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci.

Sau da yawa kuma akwai na uku a tsakanin masu gugar. Igiyar guga ba ta kai dutse tauri ba, amma takan yi rami a bakin rijiya, domin jiƙaƙƙiyar igiya tana ɗauke da yashi, yashin ne yake yankan. A nan lamba 7 take da muhimmanci fiye da sauran lambobi. Kwaz yana cikin ƙasa da ƙura a ko'ina, har da ƙurar hunturu, wadda iska take kwasowa daga Sahara, musamman daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi. Duk abin da bai kai 7 ba, ƙura tana cin sa kullum. Shi ya sa zanen da ke kan zoben azurfa yake shafewa bayan shekaru, murjani yake dushewa, gilashin mota da na wayar hannu suke yin zane-zane idan ana goge su a bushe. Yaƙutu da tofaz kuwa sukan riƙe ƙyallinsu, domin sun fi ƙarfin ƙura.

Dutsen niƙa ya haɗa dukkan wannan bayani. Hatsi ba ya cin dutse, amma dutsen da ɗansa suna cin juna, har tsakiyar uwar ta yi kwari, fuskarta ta yi sulɓi ta daina kama ƙwaya, sai an koɗa ta da makoɗi ta sake yin kaushi. Abin da ya cinye daga dutsen kuwa cikin gari yake tafiya. Saman haƙori, wanda ya fi komai tauri a jikin mutum, yana wajen 5 ne kawai. Saboda haka ake samun haƙoran mutanen Masar ta dā sun cinye ƙwarai, sakamakon yashi da garin dutse da ke cikin gurasarsu.

5.2 Tsagewa da Fashewa

Maƙeri ya san cewa idan ya gasa ƙarfe ya tsoma shi a ruwa zai ƙara tauri, amma zai ƙara gautsi. Magagari yana cin fartanya, amma idan aka sa shi a kan uwar maƙera aka buga da masaba zai karye, ita kuwa fartanya lanƙwashewa za ta yi. Ma'aunin Mohs bai ce komai a kan bugu ba.

Pliny ya rubuta cewa daimon yana jure bugun guduma a kan maƙera, mutane kuma sun daɗe suna gaskata shi. Maganar ba haka take ba. Daimon yana da fuskoki huɗu da yake tsagewa ta kansu, kamar yadda itace yake da hanyar da mai faskare yake bi. Daimon mafi girma mai darajar ado da aka taɓa samu, wanda ake kira Cullinan, an haƙo shi a Afirka ta Kudu a 1905, nauyinsa karat 3,106, watau kimanin giram 621. A 1908 Joseph Asscher ya tsaga shi a birnin Amsterdam. Ya fara yin ɗan tsagi da wani daimon, ya kafa bakin ƙarfe a ciki, ya buga. Ƙarfen da ba zai iya karce dutsen ba shi ne ya raba shi. Haka kuma zoben daimon da aka daɗe ana sawa yakan sami ƙananan ɓantarori a gefensa saboda karo da abubuwa, musamman idan ana ajiye shi tare da wani daimon.

Akasin wannan shi ne koren dutsen nan da Sinawa suke sassaƙawa, wanda ake kira jed. Taurin irinsa mafi yawa bai wuce 6.5 ba, yashi ma yana karce shi, amma ya fi daimon wuyar fasawa nesa ba kusa ba, domin zare-zare ne a sarƙe kamar tufkar igiya, tsaga ba ta samun hanya miƙaƙƙiya a cikinsa. Tun zamanin da ba a san ƙarfe ba mutane suka yi gatura da shi.

5.3 Wuta da Sinadari

Daimon kabon ne tsantsa, watau sinadarin gawayi. Lavoisier na Faransa ya ƙona shi a 1772 ta hanyar tara hasken rana da gilashi, daga baya kuma Smithson Tennant na Ingila ya tabbatar da cewa shi da gawayi abu ɗaya ne. A cikin iska yakan fara ci da wuta idan zafi ya kai wajen digiri 800 zuwa 900 a ma'aunin santigireti, zafin da wutar maƙera take wucewa. Baƙin abin da ke cikin fensir, watau girafait, shi ma kabon ne, amma taurinsa tsakanin 1 da 2 yake. Bambancin yana ga yadda ƙwayoyin zarra suka riƙe juna. A daimon kowace ƙwaya ta kama huɗu ta kowane ɓangare, a girafait kuwa shimfiɗa-shimfiɗa suke, wata tana zamewa a kan wata.

Wannan ya haifar da wani abin mamaki a masana'antu. Daimon yana yanka dutse da gilashi da kankare ya daɗe, amma idan aka sa shi yankan baƙin ƙarfe da sauri sai ya cinye da wuri, domin ƙarfe mai zafi yana shan kabon. Saboda haka akan yi amfani da wani abu da aka ƙera daga sinadaran boron da naitirojin, wanda Robert Wentorf ya fara samarwa a kamfanin General Electric na Amurka a 1957. Bai kai daimon tauri ba, amma a kan ƙarfe ya fi shi daɗewa.

5.4 Ruwa da Zamani

Duwatsu irin na Kufena a Zariya da na Kwatarkwashi nau'in giranait ne, wanda ya ƙunshi kwaz da feldisfa da wani ma'adini mai walƙiya da ke ɓarewa falle-falle. Tsakanin feldisfa da kwaz mataki ɗaya ne a ma'aunin Mohs, amma makomarsu ta sha bamban. Ruwan sama yana ɗauke da ɗan tsami da ya samo daga iska da ƙasa, wannan tsami kuwa yana ruɓar da feldisfa sannu a hankali har ya koma farar ƙasa da yumɓu. Kwaz ba ya jin wannan tsami sosai, sai ya saki ya zama yashi. Yumɓun maginin tukwane da yashin da ke kwance a rafi asalinsu dutse ɗaya ne.

Rafi kuma yana tace abin da ya ɗauko. Mai taushi yana niƙewa, mai gautsi yana farfashewa, mai jin tsami yana narkewa, sai wanda ya tsira daga duka ukun ya taru a inda ruwa ya rage gudu, musamman in yana da nauyi. Haka kuza ta taru a kwarurukan Jos. Haka kuma daimon da kogin Orange ya kai gaɓar tekun Namibiya, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa masu darajar ado ne, domin masu tsaga da aibi sun farfashe a hanya. Ƙwayoyin ma'adinin zarkon da aka samu a yankin Jack Hills na Ostireliya sun kai shekara biliyan 4.4, su ne mafi tsufan abin da aka sani wanda ya ƙullu a wannan duniya, alhali taurin zarkon 7.5 ne kawai. Abin da ya raya su shi ne ruwa da zafi da sinadari ba sa samun sa'arsu.

6.0 Batun Kalmomi

Akwai darasi a nan ga masu fassara da masu rubuta littattafan makaranta. Kalmar lu'ulu'u daga Larabci take, asalin ma'anarta kuwa ƙwayar da ake samu a cikin kwanson wata halittar teku. A Suratur Rahman an ambace shi tare da murjani a matsayin abin da ke fitowa daga teku. Amma a Hausar yau akan kira daimon ma lu'ulu'u. Na teku taurinsa tsakanin 2.5 da 4.5 yake, wuƙa tana kankare shi, ruwan tsami yana cin sa, turare da gumi suna dusar da shi. Idan littafi ya ce lu'ulu'u ya fi komai tauri, ɗalibin da ya san kalmar daga makarantar allo zai fahimci kishiyar gaskiya. Ya fi dacewa a rubutun ilmi a bar wa na teku sunansa, a kira na ƙasa daimon.

Haka nan Hausa tana da isassun kalmomi da za a raba wa waɗannan siffofi. Tauri shi ne ƙin karcewa. Gautsi shi ne saurin fashewa da bugu, kishiyarsa kuwa ƙwari. Ƙarko shi ne daɗewar abu a wurin aikinsa, wanda ya dogara ga tauri da ƙwari da jure wa wuta da tsami gaba ɗaya. Idan malami ya tsare wannan bambanci, zai iya cewa daimon ya fi jed tauri, jed ya fi daimon ƙwari, ba tare da ya ruɗa kowa ba.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ma'aunin Mohs yana amsa tambaya ɗaya ce, watau wane ne yake karce wane, kuma yana amsa ta da farce da wuƙa da magagari, ba da tsada ba. Wannan ne ya sa har yanzu, bayan fiye da shekara 200, masu binciken ƙasa suke tafiya da shi daji. An kuma ga cewa cinyewa tana zuwa ta hanyoyi huɗu, guga da bugu da zafi da ruwa, tauri kuwa na farkon kawai yake ragewa. Saboda haka wanda yake son sanin ko abu zai daɗe, bayan ya auna taurinsa sai ya duba inda za a ajiye shi, da abin da zai riƙa gugar sa, da irin bugun da zai sha, da zafi ko tsamin da zai haɗu da shi.